Ɗaukewar wuta a Abuja: Yadda ake raya kifin ruwan gishiri idan famfo ya tsaya

A watan Janairun 2025, Kamfanin Dakon Wutar Lantarki na Nijeriya, TCN, ya sanar da cewa ɓarayi sun tone tare da sace wani sashe na babbar wayar lantarki ta ƙarƙashin ƙasa a kusa da Millennium Park, lamarin da ya shafi wutar Maitama da Wuse da Asokoro da Jabi da Utako. A irin wannan rana, mai firiza kan yi lissafin kwanakin da namansa zai jure, mai shago kuma na man da janareta zai sha. Akwai wani ɗan ƙaramin rukuni da ba kasafai ake tunawa da shi ba, wato gidaje da otal-otal da ofisoshin da ke ajiye kifayen ado na ruwan gishiri a cikin akwatunan gilashi. Su lissafinsu na awoyi ne.

Wanda ya saba da tarwada zai yi mamakin wannan gaggawa. Tarwada takan kwana a cikin duro ko baho ba tare da wata na'ura ba, domin Allah ya hore mata wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa ake ganinta tana tasowa tana haɗiyar iska. Gaiwa ta fi ta ma, don takan shafe watanni a cikin busasshen taɓo tana jiran damina. Kifayen teku da ake sakawa a akwatin ado ba su da wannan baiwa. Akasarinsu daga gaɓar Indonesiya da Filifin ake kawo su, daga cikin duwatsun murjani inda igiyar ruwa ba ta tsayawa dare da rana, zafin ruwa kuma da ƙyar yake sauyawa. Ɗan kifin nan mai launin lemo da fararen zobba, wanda yara suka sani da Nemo, daga irin wannan muhalli kakanninsa suka fito. A Abuja, inda teku ke nesa da fiye da kilomita 700 ta hanyar Legas, wutar lantarki ce ke yi masa aikin igiyar ruwa. Idan ta tafi, tekun nasa ya tsaya.

Abin da ke fara ƙarewa shi ne iskar oksijin. Ruwa ba ya riƙe ta da yawa tun asali. Lita ɗaya ta ruwan daɗi mai zafin digiri 25 a ma'aunin Selsiyos tana ɗaukar abin da ya ɗan haura miligiram 8 idan ta cika maƙil. Ruwan teku, wanda ke da kusan giram 35 na gishiri a kowane kilo, bai kai miligiram 7 ba a wannan zafi. Idan zafi ya kai digiri 30, adadin yakan sauko zuwa miligiram 6 da ɗan ɗoriya. Kasancewar Abuja a kan tudu, mita ɗari huɗu zuwa biyar sama da teku, yana ƙara rage wani abu kaɗan. Ga shi kuma zafin da ke rage oksijin shi ne ke hanzarta aikin jikin kifi, ya sa ya ƙara buƙatarta. Guzuri na raguwa, yunwa na ƙaruwa.

Kifi ba shi kaɗai ke numfashi a cikin akwatin ba. Murjani, wanda mutane da yawa ke ɗauka dutse ne ko tsiro, dabba ce mai rai. Duwatsu masu huji-huji da yashin da ke ƙasa cike suke da ƙwayoyin bakteriya masu amfani, kuma su ma oksijin suke sha. Gansakuka takan samar da oksijin idan akwai haske, amma da zarar fitila ta mutu sai ta koma cikin masu sha. Saboda haka akwatin da ya fi kyau da cika da launi shi ne ke riga sauran shiga haɗari. Akwati mai kifi biyu ko uku a ruwa mai yawa zai iya kai wa safiya lafiya, amma wanda aka cunkusa wa kifaye da murjani yakan fara nuna alamun wahala cikin awoyi kaɗan, musamman a daren zafi.

Alamun ba su da wuyar ganewa ga mai lura. Kifi yakan riƙa buɗe baki da marfin gefen kai da sauri, ya taso saman ruwa, ko ya kwanta a ƙasa kamar wanda ya gaji. Manyan kifaye masu yawan iyo su ne kan fara jigata. Murjani yakan naɗe, wani lokaci ya fitar da majina, wadda ita ma ruɓewarta ke cin oksijin. Idan kifi ɗaya ya mutu a bayan dutse ba a cire shi ba, gawarsa takan hanzarta mutuwar sauran.

Abin da ya kamata mai akwati ya fahimta tun farko shi ne inda oksijin ke shiga ruwa. Ta saman ruwa take shiga, inda ruwa da iska suka haɗu, kuma ta nan ne iskar kabon da halittu ke fitarwa take fita. Ruwan da ya tsaya cik, samansa ne kawai ke ƙoshi, ƙasansa na shaƙewa. Aikin famfo shi ne ya riƙa kawo ruwan ƙasa sama yana fasa fuskar ruwan. Ko ƙananan kumfan da famfon iska ke fitarwa, babban amfaninsu shi ne jan ruwa daga ƙasa zuwa sama da girgiza fuskarsa. Wanda ya gane wannan ya san cewa ko ba shi da na'ura ko ɗaya, hannunsa zai iya riƙe akwatin na ɗan lokaci: ya buɗe marfi, ya ɗebi ruwan akwatin da moɗa mai tsabta wadda sabulu bai taɓa ba, ya ɗaga ya zuba daga sama, ya yi ta maimaitawa na mintoci da dama, ya huta kaɗan ya sake. Aiki ne mai gajiyarwa, kuma babu mai iya yin sa kwana biyu a jere shi kaɗai. Amma yana sayen lokaci.

Abin da ke maye gurbin hannu ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin kifayen kansu. Ƙaramin famfon iska mai batir, da siririn tiyo, da ɗan dutsen da ke fasa iska ta zama kumfa, sun isa su raya matsakaicin akwati. Akwai irin da ke tashi da kansa da zarar wuta ta ɗauke, kuma shi ya fi dacewa da gidan da ake fita aiki a bar shi babu kowa. Akwai kuma masu aiki da batirin ajiya na cajin waya. Babban akwati zai buƙaci biyu ko fiye, ɗaya a kowane gefe, tare da ƙaramin famfon da ke kaɗa ruwa, a karkata bakinsa ya kalli sama.

Lissafin wutar yana da sauƙi, kuma yana nuna inda mutane ke yin kuskure. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100, irin wanda ake haɗawa da inbata, yana ɗauke da wat-awa 1,200 a kan takarda. Idan na darma ne, ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, saboda haka 600 ne na amfani. Famfon iska mai wat 5 zai yi awa 120 a kansa, wato kwana biyar. Idan aka ƙara famfon kaɗa ruwa mai wat 15, za su yi awa 30 tare. Amma idan aka jona na'urar sanyaya ruwa mai wat 300, batirin zai ƙare cikin awa biyu, kuma idan ya ƙare komai zai tsaya, har da famfon iskan da rai ya rataya a kansa. Ita kanta inbata tana cin wuta ko ba a jona mata komai ba, don haka adadin gaskiya yakan gaza na takarda. Hikimar ita ce a ware wa famfon iska da na kaɗa ruwa batirinsu na daban, wanda ba a haɗa da talabijin da fanka da firjin gida ba. Ƙaramin farantin sola guda ɗaya zai iya riƙe wannan batir a cike, kuma rana ba ta yi wa Abuja rowa ba.

Mai babban janareta zai ce shi ya wuce wannan. Abin da ya faru a birnin New Orleans na Amurka ya isa jan hankali. Lokacin da guguwar Katrina ta afka wa birnin a ƙarshen Agustan 2005, ginin gidan kifin Audubon ya tsaya bai rushe ba. Abin da ya gaza shi ne janareta, bayan an tilasta wa ma'aikata barin wurin. Akasarin kifaye kusan 10,000 da ke ciki sun mutu. Cikin waɗanda suka tsira akwai tsuntsayen fenguwin da kunkurun teku, masu shaƙar iskar sarari kamar tarwada. Sai a watan Mayun 2006 aka sake buɗe gidan. Janareta na buƙatar mai, yana buƙatar mutumin da zai tayar da shi, kuma yakan lalace a ranar da aka fi buƙatarsa. A Abuja akwai ƙarin matsala: rukunin gidaje da yawa suna da janareta na haɗaka mai jadawali, wanda ake kashewa a wasu awoyi don tsimin mai, musamman tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da tsadar da ta biyo baya. Kifi kuwa bai san jadawali ba.

Ko alƙawarin da ya fi kowanne kyau yana da giɓi. Lokacin da Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Nijeriya, NERC, ta ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin A zuwa naira 225 a kowane kilowat-awa a watan Afrilun 2024, sharaɗin shi ne a ba su aƙalla awa 20 a rana. Ke nan ko an cika alƙawari, awa huɗu na iya zuwa babu wuta. Rukunin B awa 16 ne, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. Wannan duk a ranar da komai ke tafiya daidai ne. A shekarar 2024 babban layin wuta na ƙasa ya faɗi fiye da sau goma, kuma a watan Oktoba na shekarar jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan dakon wuta. Kamfanin rarraba wuta na Abuja, AEDC, wanda ke kula da Babban Birnin Tarayya da jihohin Neja da Nasarawa da Kogi, ba ya iya raba abin da bai samu ba. Mai akwatin ruwan gishiri a wannan birni ya kamata ya ɗauki rashin wuta a matsayin wani ɓangare na tsarin akwatin tun ranar da zai saya.

Bayan oksijin sai zafi. Yawancin littattafai da shawarwarin da ake samu a intanet an rubuta su ne don ƙasashen sanyi, inda abin tsoro shi ne ruwa ya huce, don haka sukan ce a lulluɓe akwati da bargo. Wanda ya bi wannan shawara a Abuja cikin watan Maris, lokacin da zafin rana kan haura digiri 35, ya toshe wa kifayensa iska ya kuma riƙe musu zafi. Kifayen murjani sun fi samun natsuwa tsakanin digiri 24 da 27. Idan ruwa ya daɗe a digiri 30 ko sama, murjani kan kori ƙananan ƙwayoyin gansakukar da ke zaune cikin naman jikinsa suna ciyar da shi, sai ya yi fari fat. Wannan ne abin da ke faruwa a tekunan duniya da ake ta magana a kai, sai dai a akwati yana iya faruwa cikin kwanaki. Bargo yana da amfani ne kawai a wasu dararen hunturu na Disamba da Janairu, shi ma a gefen gilashi, ba a samansa ba.

Abin da ke taimako shi ne ruwa mai yawa ba ya saurin ɗaukar zafi. A sauke labule don kada rana ta bugi gilashi, a buɗe marfi, a kunna ƙaramar fanka mai caji ta riƙa hura fuskar ruwan. Tururin da ke tashi yana tafiya da zafi, kuma wannan dabara ta fi aiki a rani, lokacin da iska ta bushe, fiye da cikin damina. Gorar ruwa da aka daskarar a firiza, aka rufe bakinta da kyau, aka wanke bayanta, ita ma tana taimakawa idan aka bar ta tana yawo a saman ruwa. Sai dai kada a ɗora mata buri da yawa: gora mai lita ɗaya da rabi ba za ta sauke zafin lita 200 da fiye da kusan digiri ɗaya ba. Hakan ma alheri ne, domin saukar zafi farat ɗaya tana girgiza kifi kamar yadda hawansa ke yi. Ƙanƙarar kasuwa kuwa ba a jefa ta kai tsaye, don ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba, kuma narkewarta na tsinka gishiri.

Fanka na da farashinta. Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan. Akwati mai lita 200 da ya rasa lita 10 zai ga gishirinsa ya tashi daga 35 zuwa kusan 37. Abin da ake mayarwa shi ne ruwan daɗi tsantsa, tatacce, a zuba kaɗan-kaɗan. Ruwan famfo da ke zuwa daga madatsar Usuma an sa masa kulorin don lafiyar mutane, kuma kulorin guba ce ga kifi da bakteriyar akwati, don haka sai an kawar da ita tukuna. Yana da kyau a ajiye jarka ɗaya ta ruwan daɗi da wata ta ruwan gishirin da aka riga aka haɗa, tun da haɗa shi yadda ya kamata na buƙatar famfo da awoyi. Gishirin miya ba ya maye gurbin gishirin akwati, wanda ke ɗauke da sauran ma'adinan ruwan teku.

Akwai wani haɗari da shawarwarin ƙasashen waje ba su cika ambata ba, amma kowane mazaunin Abuja ya san mafarinsa. Idan wuta ta ɗauke fanka ta tsaya, sauro kan samu gari, sai a fesa magani ko a kunna mai hayaƙi, wasu ma su yayyafa fiya-fiya. Sinadaran da ke cikin waɗannan magunguna suna kashe kifi da ƙananan halittun teku ko da ɗan kaɗan ne ya shiga ruwa. A daidai wannan lokaci kuma an buɗe marfin akwati, famfon iska yana zuƙar iskar ɗakin yana tura ta cikin ruwa. Ɗakin da akwati yake ba a fesa masa komai, ba a kunna turaren wuta a cikinsa. Haka hayaƙin janareta: a nesanta shi da taga da ƙofa. Wannan gargaɗi ya fi shafar mutanen gidan ma, domin iskar guba marar wari da janareta ke fitarwa ta sha hallaka iyalai cikin barci a sassan Nijeriya.

Batun abinci gajere ne: ba a bayarwa. Lafiyayyen kifi yana jure kwanaki ba tare da ci ba, amma narkar da abinci na cin oksijin, kuma yana ƙara amoniya da kifi ke fitarwa. A lokacin da wuta ke nan, bakteriya ce ke sarrafa amoniya ta mayar da ita wani abu mai sauƙin illa. Idan ruwa ya daina bi ta kanta, aikin nata yakan raunana. Ruwan teku kuma ya fi ruwan daɗi haɗari a nan, saboda yana karkata ga kanwa-kanwa, da ma'aunin tsami na kusan 8.2, kuma a wannan mataki kason amoniya mai guba ya ninka na ruwan da ke kan 7 fiye da sau goma. Fitila ita ce ta ƙarshe a jerin damuwa. Murjani yana jure kwana biyu ko uku na duhu, kamar yadda yake jure kwanakin hadari a teku, don haka ɓata batir a kan fitila asara ce.

Dawowar wuta, wadda yara ke yi wa shewa a unguwa, ita ma tana da nata tarko. Mataci mai rufaffen tulu, idan ya tsaya awoyi da yawa, oksijin da ke cikinsa kan ƙare, bakteriya ta mutu, ruwan ya ruɓe har ya riƙa warin ruɓaɓɓen ƙwai. Da zarar wuta ta dawo, famfo zai tura wannan ruwa kai tsaye cikin akwatin da kifayensa suka riga suka galabaita. Saboda haka idan rashin wuta ya yi tsawo, a cire filogin matacin, a zubar da ruwan cikinsa, a ɗauraye kayan da ruwan akwati kafin a mayar. Mafi kyau ma a fitar da kayan tata tun da wuri a sa su cikin akwatin kusa da kumfan iska, don bakteriyar ta rayu. Wuta kuma takan dawo da ƙarfi fiye da kima ko ta riƙa ƙiftawa, abin da ke ƙona famfo da fitila masu tsada, don haka na'urar daidaita ƙarfin wuta ba ado ba ce. A duba kowane famfo ya tashi, domin wanda gishiri ya daskare a cikinsa yakan ƙi juyawa sai an taɓa shi. A jinkirta ciyarwa, a fara da kaɗan, a auna amoniya na 'yan kwanaki, a sauya wani kaso na ruwan idan ta nuna.

Ambaliya a falo ita ma daga ɗaukewar wuta take zuwa. Akwatin da ke da ƙaramin tanki a ƙarƙashinsa, idan famfo ya tsaya, ruwa kan zuƙo ta bututu ya koma ƙasa har tankin ya tumbatsa. Ana magance wannan da ɗan huji a jikin bututun, ƙasa kaɗan da fuskar ruwa, wanda ke shigar da iska ya katse zuƙowar, tare da barin wuri a tankin ƙasa. Famfon iska kuma a ɗora shi sama da tsayin ruwa, ko a sa wa tiyonsa bawul mai hana komawa. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki sosai, don haka wayar jona wuta da ke kwance a ƙasa kusa da akwati barazana ce ga duk wanda zai taka wurin.

Duk wannan shiri ba a tabbatar da shi sai an gwada. Hanyar ita ce a zaɓi rana da ake gida, a kashe wutar akwatin da gangan, a tsaya a gani: ko famfon batir ya tashi da kansa, ko tankin ƙasa ya riƙe ruwan, ko zafi ya motsa cikin awa biyu. A Abuja, inda gidaje da ofisoshi kan zama fayau a ƙarshen mako da lokutan Sallah da Kirsimeti, sau da yawa mai gadi ko mai aikin gida ne ke kusa idan wuta ta tafi. Shi ya kamata ya halarci gwajin, ya san inda moɗa da batir na ajiya suke, ya san ba a ba da abinci, ba a fesa maganin sauro. Takarda ɗaya da aka rubuta da harshen da yake karantawa, aka manna a gefen akwatin tare da lambar wayar mai shi, ta wadatar.